Dukan Uku

Ɗakina a Bagalam taki huɗu ne da rabi.
Na liƙe bangon da kwalin ƙwai don amo ya zauna.
Kwamfuta ɗaya, kwance ce daga Jibiya,
haruffanta biyu sun zube kamar haƙoran tsoho.
Baba ya leƙo ya ce, "Tsahiru,
wane irin kiwo ne wannan, ba dusa ba harawa?"

Na ce sauti nake kiwo, Baba.

Tun kafin hantsi nake fita nemansa:
injin niƙan Rabe da ke tari sau biyu kafin ya tashi,
almakashin tela,
ɗan kamasho yana tsaga tasha,
"Dakwaro! Saura mutum ɗaya!"
alhali motar wayam take.
In kora su cikin waya, in komo gida,
in zauna jiran masu wuta su tuna da unguwarmu.

Abin ɗaukar hoton na Barira ne, ɗiyar kawuna.
Gilashinsa ya tsage a gefe,
don haka duk hoton da na ɗauka
yana da zane guda a kuncin hagu,
kamar ƴan gida ɗaya.

In jika uku ta taru, sai hanya.
A Madarumfa na sami masunci yana ɗinkin koma,
zare a bakinsa, ya kasa amsa sallamata.
A Gazawa mota ta mutu mana,
na kwana bisa buhun gujiyar wani,
na rubuta daren a littafina da hasken waya
har sauro ya sa hannu a ƙarshen shafi.

Amma abin da na fi so bai kai ni tasha ba.
Bayan katangarmu yake.
Cima mai ƙuli-ƙuli,
shekara arba'in ita da turmi ɗaya.
Na ɗora waya kan katanga, na sace mata daka.

Da dare na shimfiɗa shi a allon kwamfuta.
Duka na ɗaya daidai, na biyu daidai,
na uku kullum sai ya makara.
Na ja shi, na gyara masa zama,
na jera su sahu kamar ƴan lakwal,
na aza gurmi a kai. Sai da na yi kwana tara.

Na kai mata. Ta goge mai a zane,
na sa mata abin ji a kunne.
Ta yi shiru. Awakinta jajaye ma suka yi shiru.

Ta ce, "Turmina ne.
Amma hannun wace ce wannan?
Wannan ba ta taɓa gajiya ba.
Ba ta da ɗa a goye, ba a bin ta bashi."

Na ce gyara na yi, Inna.

"Gyaran gangar auzinawa!
A na ukun nan nake numfashi, yaro.
Nan nake ƙirga bakin da zan ciyar.
Ka cire mini wurin tsayawa."

Sannan ta ce turmi ba ya aikin banza,
in aje dala ashirin.
Na aje. Ta ba ni ƙuli biyu gyara.

Na koma ɗaki, aka ɗauke wuta.
Na jira. Aka kawo.
Na mayar da kowane duka inda ta bar shi.

Bayan isha Baba na tabarma yana jan carbi,
na saki kiɗan ƙasa-ƙasa.
Bai ce komai ba.
Yatsan ƙafarsa dai na gani:
ɗaya, biyu,

sai ya ɗan jira Cima.